Shekarar da Muryar Ummanku Ta Shiga Kasuwa

Sadiya, Mubarak, Hafsa, wannan babin naku ne fiye da sauran. Na san abin da kuka taso kuna ji daga bakin Inna Rabi, yayar Ummanku. Wai ni na ɗauki muryar matata na kai kasuwa na sayar, wai kuma kakanku Alhaji ya yi mana baki a kan haka. Ban taɓa musa mata a gabanku ba, domin ba na son ku ga ubanku yana cacar baki da yayar uwarku. Yanzu da Allah ya sa na koyi riƙe biro a ajin manya, ko da yake hannuna ba ya sauri, zan rubuta muku yadda abin ya kasance. Inna Rabi rabinsa ta ji, rabi kuma ta ƙarasa da kanta. Ni kuwa ina wurin tun daga farko.

A lokacin gyaran keken ɗinki nake yi a Babbar Kasuwa. Ba ni da shago. Benci ne da akwatin kayan aiki a gefen rumfar kakanku, a layin 'yan atamfa, kuma shi ya ba ni wurin tun kafin ya ba ni 'yarsa. Teloli da matan aure sukan zo sayen yadi su ajiye mini kan keke, in sun gama zagayensu su dawo su ɗauka. Duk wanda ya san ni a kasuwar nan, a bakin rumfar Alhaji ya san ni. Shi kuwa Bakatsine ne, dattijon layi, wanda in rigima ta tashi tsakanin 'yan kasuwa ake cewa a tafi wurinsa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ummanku sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa kowa ke ce mata Uwani, shi kuma ba ya kiran ta da komai sai "Uwata". Tsohuwar ce ma ta raine ta a Katsina, sai da ta rasu aka dawo da ita Kaduna.

Muna haya a Hayin Banki, Sadiya tana goye. Ummanku in tana wanki ko tankaɗe takan yi waƙa a hankali, ba don kowa ya ji ba. Katanga ɗaya ce ta raba mu da wani saurayi, Sani, wanda ake ce wa Sani Fiyano saboda shi ke kiɗan waƙoƙin fim a wani situdiyo a Doka. Wata ranar Lahadi ya tare ni a ƙofar gida ina wanke mashin.

"Malam Habu, don Allah kada ka ji haushi. Ba leƙe na yi ba, katangar ce gajera. Muryar nan ta gidanka, in ta shiga na'ura, wallahi an gama."

"In ta shiga na'ura, ni kuma in shiga ina?" na ce masa.

Ya yi dariya, ya zauna a kan dakali ya yi mini bayanin yadda aikinsu yake. A fim, wadda kake gani tana waƙa ba ita ke yi ba. Murya ta wata ce, baki na wata. Mai muryar takan shiga wani ɗan ɗaki ta rera, a naɗa, daga baya 'yar fim ta riƙa motsa baki tana bi. Kuma kusan duk waƙoƙin biyu-biyu ne, namiji ya yi baiti mace ta amsa. Sannan akwai abin da suke yi wa muryar mace a na'ura, su matse ta ta yi siriri, har ta zama in ka ji mace goma sai ka rantse mutum ɗaya ce. Ya ce ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ba. Na ci gaba da wanke mashin. Na daɗe ina juya maganar kafin in gaya wa Ummanku, kuma ban gaya mata don in lallashe ta ba, na gaya mata ne don maganarta ce aka yi. Ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ce in na yarda tana so. Na sa sharaɗi: ba suna, ba hoto, ni zan kai ta da rana, in zauna har ta gama, in dawo da ita. Haka muka yi ta yi fiye da shekara. Waƙoƙinta suna tashi a motocin haya, ni kaina in ba don na san ranar da aka yi su ba, ba zan ce ita ce ba.

Sai aka zo wani fim da mai shi, furodusa Oga Lawandi, yake son fito da wata sabuwar yarinya. Ya ce a yi mata waƙa ita kaɗai, babu namiji, a sa a tsakiyar fim don mutane su kalle ta da kyau su riƙe fuskarta. An rubuta baitoci, Sani ya sa kiɗa, amma abin ya ƙi zama. Ummanku ta yi ta maimaitawa har ta gaji. Da aka tsaya shan ruwa, tana zaune a ɗan ɗakin nan ita kaɗai, sai ta ɗora baitocin a kan wani karin waƙa na daban, wanda na saba ji a gida in tana niƙa kayan miya. Waƙar kakarta ce, mai jan numfashi, mai wani ɗan karyewa a ƙarshen kowane layi kamar mutum zai yi kuka ya fasa. Sani ya ɗaga hannu ya hana kowa motsi. Ya cire ganguna, ya bar sarewa kawai, ya ce ta sake. Ina zaune a kujerar roba a lungu, na ɗago kai, domin abin da ke fitowa daga lasifika ba muryar fim ba ce. Muryar tsakar gidana ce.

"Sani, ba za ka matse ta ba?" na tambaye shi kafin mu fita.

"Sai wajen haɗawa, Malam Habu. Kada ka damu."

Bai matse ba. Daga baya ya ce mini ya gwada, sai ya ji kamar ya zuba wa madara ruwa, hannunsa ya ƙi.

A wancan zamani waƙoƙi ake fara saki a kaset kafin fim ya fito, don su ja masa kasuwa. Wata ranar da hantsi, ana cikin azumi, ina kwance kan wani keke, Alhaji yana auna wa wata mata shadda, sai ga mai tura baron kaset ya shigo layinmu da lasifikarsa. Sarewar na fara ji. Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ya sa ya wuce da sauri, amma layin ya cushe da masu sayen kayan Sallah, baron ya tsaya daidai bakin rumfarmu. Muryar ta shigo. Ban ɗaga kai ba, amma ina ganin hannun Alhaji ta gefen ido. Ya kai yadin bakin sandar awo ya tsaya a nan. Matar ta ce, "Alhaji, yadi biyar na ce," bai ji ta ba. Da aka zo wurin karyewar nan ta ƙarshen layi, sai ya ajiye almakashi a hankali, ya yafito mai baron.

"Yaro, maido ta daga farko."

Aka maido. Ya saurara har ƙarshe a tsaye, mutane suna ratsa shi.

"Wa ke wannan waƙa?"

Mai baron ya miƙa masa kwalin kaset, ya nuna hoton yarinyar fim ɗin, ba ɗankwali, ta riƙe ƙugu. Ya ce sabuwa ce, fim ɗinta bayan Sallah zai fito, a ciki ma rawa take yi a bakin kogi. Alhaji ya daɗe yana kallon hoton.

"Ba ita ba ce," ya ce. Ya mayar masa da kwalin, ya ƙarasa auna shaddar.

Ranar bai ce mini komai ba. Muka yi Azahar sahu ɗaya, muka yi La'asar, kafaɗata tana taɓa tasa. Na ɗaura bel ɗin keke a baibai har sau biyu. Sai da ya fara sauke atamfofi zai rufe, ya kira ni ciki, bayan tulin yadi inda ba mai ji.

"Habu, waƙar uwata ce. Muryar kuma na san ta tun ranar da ta fara kuka a duniya. Ba tambayarka nake ba, don kada in sa ka yi ƙarya da azumi a bakinka. Kaset ya riga ya fita, wannan ba yadda zan yi. Amma ranar da aka nuna wata tana karkaɗa jiki a talabijin da waƙar uwata a bakinta, ka kawo mini ɗiyata gida. Ka ji mi na ce?"

"Na ji, Alhaji."

Washegari da safe na faɗa wa Ummanku. A lokacin tana da cikin Mubarak, ya fara nauyi. Tana shara ta tsaya, ta dafa bango, ta tambaye ni kalmomin da ya yi amfani da su, na maimaita mata ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in je in ji abin da masu fim za su ce.

Ofishin Oga Lawandi yana saman bene a Doka. Na tarar da shi da darakta, wani siririn mutum mai tabarau, suna gaban kwamfuta suna haɗa fim ɗin. Na roƙa a nuna mini wurin waƙar, aka nuna mini har da abin da ke gabanta da bayanta. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne da ke rigima a kan motar da ubansu ya bari. Yarinyar ƙanwarsu ce, an aike ta ta kai musu abinci gareji. Ta fito da kwano a ka, tana cikin tafiya sai hoto ya juya, ga ta a kan duwatsu a bakin kogi, babu kwano, ta sake kaya, ta sake wasu, ta sake wasu, tana juyi tana buɗe baki, muryar matata tana fita. Da waƙar ta ƙare sai ga ta a ƙofar gareji da kwanonta, abinci ko hucewa bai yi ba. Babu wanda ya tambaye ta ina ta tsaya.

"Ranka ya daɗe," na ce wa Oga Lawandi, "ni ba ɗan fim ba ne. Amma waƙar nan ba ta ɗauki komai ta kai ko'ina ba. In ka cire ta, labarin ba zai ma san an cire ba."

Darakta ya buga tebur. "Yawwa! Faɗa masa, Malam. Tun yaushe nake cewa ta tsaya mini a tsakiyar labari kamar tirela ta mutu a kan gada."

"Kai rufe mana baki," in ji Oga Lawandi. "Rigimar gado wa bai taɓa gani ba? Gidan kowa akwai ta kyauta. Malam Habu, 'yan kasuwa ba su tambaye ni wa ya ci motar ba. Waƙar suka ji suka ce a ajiye musu."

Sai na gaya masa ko wane ne uban mai muryar, da abin da ya ce. Dariyarsa ta ɗauke. Layin masu sayar da fim ba shi da nisa da layin 'yan atamfa, kuma ya san in dattawan kasuwa suka juya wa mutum baya, kayansa sai su kwana a kwali. Ya cire hula ya sosa kai, ya zagi Sani, ya zagi na'ura, ya zagi ranar da ya shiga harkar fim.

"To, ji nan. Ba na son rigima da surukinka. Ina da wata waƙa ta biyu-biyu a ajiye, zan iya cusa ta a wurin, in yi asara in haƙura. Bayan Sallah za a tafi da fim ɗin Legas a buga. Kafin nan, in ka zo ka ce a cire, an cire. In ban gan ka ba, ta tafi yadda take. Kai ne mijinta, magana tana bakinka."

Ina saukowa daga bene na ji ana bi na. Yarinyar fim ɗin ce, ashe tana ɗakin gefe tana ji. A fili ba ta kai yadda take a hoto ba, 'yar ƙarama ce cikin hijabi, da silifas.

"Malam, don girman Allah. Duk fim ɗin nan maganata ba ta wuce 'ga abincinku' ba. In aka cire waƙar, kwano kawai na ɗauka."

Na ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, na wuce.

Na dawo gida da sauƙi a zuciyata, ba zan ɓoye muku ba. Kalma ɗaya ce, in faɗa, kowa ya zauna lafiya. Na tarar da Ummanku tana yanka alayyafo na buɗa-baki, na zauna a kan turmi na kwashe duka na gaya mata, har da zancen kwanon da bai huce ba, ina tsammanin za ta yi dariya. Na ce mata abin ma ya zo da sauƙi, tunda waƙar ba ta yi wa labarin aikin komai.

Ta ajiye wuƙar.

"Malam, dole sai abu ya yi wa labarin wani aiki kafin a bar shi ya tsaya?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Duk waƙoƙin da ka kai ni na yi, ka taɓa jin na sa ɗaya a gidan nan? Ba nawa ba ne. Namiji ya ce, in amsa, na'ura ta mayar da ni wata. Wannan kaɗai ce in na ji nake cewa ga ni. In ka ce a cire, kai ne mijina, ba zan ce maka don me ba. Amma kada ka ce mini don ni ka yi."

"Babanki zai raba mu, Uwani."

"Na sani," ta ce. Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka.

Sauran azumin nan ban ji daɗinsa ba. A kasuwa Alhaji yana amsa sallamata, yana turo mini masu keke kamar kullum, amma bai ƙara ce mini in shigo inuwa ba in rana ta juyo kan bencina. Duk baron kaset da ya shigo layi sai gabana ya faɗi, kuma waƙar ta kama gari, har masu dako suna bin ta da fito. Duk lokacin da ta tashi, Alhaji yakan shige can cikin rumfa ya yi kamar yana neman wani abu. A gida kuma Ummanku ta daina waƙa gaba ɗaya. Tana wanki shiru, tana niƙa shiru, sai ƙarar dutse. Inna Rabi ta zo wata rana da azahar, ko zama ba ta yi ba.

"Sannu, mai gyaran keke. Na mutane kana ɗaurewa, naka gidan ya kwance. Kalma ɗaya aka ce ka faɗa, ta gagare ka? Ko sai an kawo maka ita a faranti?" Ta juya kan Ummanku. "Ke kuma zabiya, da ciki a gabanki. In Baba ya karɓe ki, wa zai riƙe ki da 'ya'ya biyu? Sarewa?"

Ta gama faɗarta ta fice. Gaskiya ne, sau da yawa na hau mashin da niyyar Doka. Sau ɗaya har na kai ƙasan benen na kashe inji. Na zauna ina kallon matakala, ina tunanin yadda zan koma gida in ce mata an cire, ta ce to, ta kawo mini ruwa, mu ci gaba da zama shekara da shekaru da wannan "to" ɗin a tsakaninmu. Ni na ɗauke ta a mashin na kai ta wurin nan da hannuna. Da muryar ta fita a matse, ta zama ta kowa, ban ga laifi ba. Sai da ta fito a tata sannan zan ce abin kunya ne? Na ta da mashin na juya.

Bayan Sallah, ranar Juma'a, na ji daga bakin Sani cewa an tafi da fim ɗin. Na dawo daga masallaci na ce wa Ummanku ta shirya, za mu gidan Alhaji. Ban ga amfanin jira sai ya gani a talabijin ɗin wani ba. Ta miƙa Sadiya wurin maƙwabta, ta shiga ɗaki ta fito da jakar kaya. Na ce ta ajiye, ta ce ba ta san abin da zai ce ba, gara ta tafi da shirinta. Muka hau mashin. Jakar tana tsakanina da ita, tana tokare mini baya.

Mun same shi a zaure bayan La'asar, a kan buzu, da carbi. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya kalli jakar, ya kalle ni.

"Ya fito ke nan?"

"Bai fito ba, Alhaji, amma zai fito da waƙar. An ba ni dama in sa a cire, ban sa ba." Na ƙara da cewa, "Ka ce in kawo ta, ga ta na kawo, don kada in saɓa maganarka. Amma ban sake ta ba, kuma ba zan sake ta ba. Da izinina ta yi, ni na riƙa kai ta. In akwai laifi, a kaina yake."

Carbin ya tsaya. Tun da nake ban taɓa haɗa ido da shi ba, ranar ma ban haɗa ba, tabarma nake kallo. Ina jin numfashin Ummanku a gefena.

"Habu, a bakin rumfata ka koyi wannan magana?"

Ya juya wurinta.

"Uwata, tilasta ki aka yi?"

"A'a, Baba."

"Kin san waƙar wa ce?"

"Na sani. A kan dutsen niƙa ta koya mini."

"Matar nan har ta koma ga Allah, babu namijin waje da ya san kalar muryarta. Ni da ta haifa, daga bayan ƙofa nake saurare, don in na shigo sai ta yi shiru. Yau 'yan dako ke fito da ita a kasuwa."

"Baba," ta ce, muryarta tana karyewa, "tun da ta rasu ba wanda ya ƙara yin ta sai ni. Na ji tsoron ta mutu a bakina."

"Da ta mutu a bakinki da mutuncinta."

Ya share fuska da hannu biyu, ya daɗe a haka.

"Igiyar aure ba a hannuna take ba. Ya tuna mini, kuma gaskiya ya faɗa. Ba zan ƙwace matar mutum ba. Uwata, in kin ga zama, ga ɗakin uwarki. In kin ga tafiya, ga mijinki. Kai kuma, Habu, ka nemi wani wuri ka sa bencinka."

Ya miƙe ya naɗe buzunsa. Ummanku ba ta tashi ba. Tun tana yarinya ba ta taɓa barin gabansa ba sai ya ce mata Allah ya yi miki albarka, ko aike ne zuwa bakin titi. Ta zauna a durƙushe da cikinta tana jira. Ya kai ƙofar shiga gida ya tsaya, ya ba mu baya, na ga kafaɗarsa ta motsa kamar zai juyo. Sai ya ɗaga labule ya shige.

Iyakar abin da kakanku ya faɗa ke nan, ban rage ba, ban ƙara ba. Bai zage mu ba, bai yi mana baki ba. Albarka ce ya riƙe, kuma wanda ya san Ummanku ya san wannan ya fi mata zagi ciwo. Sauran kun san shi ko kun ji. Na kwashe bencina na koma gindin wata bishiya a bakin titin Kawo, inda masu keke ba su san ni ba, muka sha wuya shekarun da suka biyo. Fim ya fito da waƙarsa. Ummanku ba ta ƙara taka situdiyo ba, kuma ba ni na hana ta ba, ita ta ce ta yi wadda za ta yi. Ƙafar Alhaji ba ta shiga gidanmu ba sai ranar sunan Hafsa.

Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani shi ne kakarku Hajiya ta leƙo daga cikin gida, ta ɗauki jakar, ta kama hannun Ummanku ta ce ta shigo ta kwana biyu har ransa ya yi sanyi, haka ake yi. Ummanku ta bi ta ba tare da ta dube ni ba. Ni suruki ne, ba ni da ikon wuce zaure. Na fito na tsaya wurin mashin. Na san irin kwana biyun nan, na ga yadda yake zama wata, wata ya zama shekara. Yara suna ƙwallo a layi, mai gyaɗa ta wuce ta dawo, inuwar katanga ta tsallake titi ta hau ƙafata. Wani dattijo da zai tafi masallaci ya tambaye ni ko mashin ɗin ne ya lalace, na ce a'a. Na riƙe makulli a hannu har ya yi mini shaida a tafi. Na ce a raina in aka kira Magariba ba ta fito ba, zan yi salla a nan, in dawo in ci gaba da tsayuwa, don ban san yadda zan shiga gidan Hayin Banki ni kaɗai ba.

Ladan yana gyaran murya a lasifika sai na ji ƙarar ƙofar zaure. Ta fito da jakar a hannu, idanunta sun kumbura, Hajiya tana bayanta tana kiran sunanta. Ba ta waiwaya ba. Na hau mashin, ta zo ta ɗora jakar a kan tanki a gabana, ta dafa kafaɗata ta hau a hankali saboda cikin.

"Ta da mashin, Malam," ta ce. "Sadiya tana gidan mutane, kuma ban ɗora tuwo ba."